Yadda Muka Tattaro 'Yan Kwalejinmu

Tunda aka ɗora mini sakatariyar ƙungiyar tsofaffin ɗaliban kwalejinmu, aikin da ya fi cin lokacina shi ne neman mutane. Rubuta bayanin taro da karanta shi duk mai sauƙi ne. Neman matar da kuka rabu tun 1985, ba lambar waya, ba adireshi, sai fuskarta ta ƙuruciya da ke zuciyarki, shi ne jan aiki.

Maza ba su san wannan wahalar ba. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi, ta koma Kaduna, daga baya ta koma Zariya ta zama Barewa, amma duk wannan ƙaurar ba ta hana tsofaffin ɗalibanta sanin inda junansu suke ba. Namiji da sunan da aka rubuta masa a rajista zai kama aiki, da shi zai yi ritaya, da shi za a yi sanarwar rasuwarsa a rediyo. Mace kuwa suna uku gare ta. Akwai na rajista, sunan yanka haɗe da na uba ko na garinsu. Akwai laƙabin da muka liƙa mata a ɗakin kwana, wanda mu da shi kaɗai muka san ta. Sannan akwai na gidan miji, inda ta zama Maman wane, ko Hajiya Ƙarama, ko Malama kawai. In aka yi dace sunanta ɗaya da na uwar mijinta, to shi ke nan, an binne sunan, ba mai ƙara faɗinsa a gidan. Sai ki tsaya a ƙofar gidan da take ciki kina tambaya, yara su rantse miki babu mai wannan suna.

Abin da ya taimake mu shi ne kwalejin horon malamai muka yi, don haka yawancinmu alli muka riƙe. Ranar tantance 'yan fansho na sha zuwa da littafina, in bi layi ina duba fuskoki, kuma a nan na samu da yawa. Gidan biki da gidan rasuwa su ma sun ba da nasu. Amma wadda ta fi kowa yi mana amfani wata dillaliya ce da ke shiga gidaje daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Sauri da ƙullin atamfofi. Ki kwatanta mata mace, ki ce doguwa ce, tana da wushirya, 'yar ƙasar Mashi, ta taɓa koyarwa, sai ta yi shiru kaɗan ta ce, "Ai Maman wance ce, sun tashi daga nan, suna wajen Ƙofar Marusa." Ba ta taɓa karɓar ko sisi ba, sai dai mun zama masu sayen zannuwanta.

Mun shiga kwalejin a 1980, lokacin da shirin ilimin firamare kyauta na UPE, wanda gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar a 1976, ya cika azuzuwa da yara babu isassun malamai. Daga firamare kai tsaye ake ɗibar mu, shekara biyar, a fito da takardar malanta mai daraja ta biyu. Gwamnati ke ciyar da mu, ta ba mu sabulu da littattafai. Iyaye da yawa da ba za su yarda ɗiyarsu ta je sakandare ba sun yarda da wannan, don an ce malama za ta zama, ta dawo garinsu ta koyar.

Ƙararrawarmu tsohon wilin mota ne da aka rataye a bishiyar dalbejiya. Kafin asuba za a buga shi, kowa ta zabura da bokiti zuwa layin famfo, ga hunturun Katsina mai fasa ƙafa. Tuwon da muke kira gabza, in ya kwana sai kin sa ƙarfi kafin cokali ya shige shi, miyar kuka kuma tsararo. Shi ya sa akwatin ƙarfe yake da daraja: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, yaji, ƙanzo, ɗan man gyaɗa a kwalba. Bayan karatun dare sai a zauna a kwaɗa gari a fanteka ɗaya, hannu shida ko bakwai a ciki. Kowace sabuwar shiga tana da uwar ɗaki cikin manya, wadda za ta kare ta daga hukunci, ita kuma ta yi mata wanki da ɗibar ruwa. Tawa uwar ɗakin mafaɗaciya ce ta gaske, amma da na kwanta zazzaɓi ita ta goya ni har ɗakin shan magani. Har yau Yaya nake ce mata, kuma in ta shigo taro nakan tashi in ba ta kujera, ga ni da jikoki.

A lokacin duk jihar Kaduna muke, don sai 23 ga Satumba 1987 gwamnatin Babangida ta cire jihar Katsina. Saboda haka a ɗaki ɗaya za ki samu 'yar Daura, 'yar Funtuwa, Bazazzagiya, da 'yan Kafanchan da Zonkwa. Da azumi 'yan'uwanmu Kirista su ke karɓo mana abincin rana su ajiye, su cika mana bokitai kafin shan ruwa. Ranar Lahadi mu ke yi musu sharar da ta faɗo kansu. Yaran yanzu in na ba su wannan labari sai su riƙa kallona kamar tatsuniya nake yi. Da aka raba jiha kowa ta kama gabanta, kuma 'yan ɓangaren Kaduna su ne suka fi wuyar samu. Da muka samu ɗaya a Kaduna, ita ta jawo mana sauran.

Wadda nemanta ya fi tsaya mini a rai ba nisa ta yi ba, wani ƙauye ne a kan hanyar Daura. A aji uku aka cire ta aka yi mata aure. Na yi sallama, na same ta tana tankaɗe a tsakar gida. Ta amsa, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, muka gaisa irin gaisuwar baƙi. Sai na kira ta da laƙabinta na makaranta. Rariyar ta faɗi daga hannunta.

"Wa nike gani haka? Ke ce? La ilaha illallahu, ashe rai kan ga rai!"

Muka yi kuka, muka yi dariya. Ta shiga ɗaki ta jawo akwatinta na ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ya yi tsatsa a gindi, amma sunanta da lambar ɗakinmu da aka rubuta da farin fenti suna nan. A ciki take tara kwanonin auren autarta. Da na kawo maganar taro sai fuskarta ta canza.

"Haba 'yar'uwa, ni da ban gama ba, mi zan je yi cikin masu takarda? Ku je dai, ina yi maku addu'a."

Wannan magana ita na kai gaban taro, kuma an daɗe ana ja-in-ja a kanta. Wasu suka ce ƙungiyar waɗanda suka kammala ce. Yaya ta miƙe ta ce wanda ya ci gabza ya ci gabza, ko zango ɗaya ya yi. Haka aka rubuta a tsarin mulkinmu, da lafazin da ya fi wannan ladabi: duk wadda sunanta ya taɓa shiga rajistar kwalejin, 'yar ƙungiya ce cikakkiya. Ina ganin babu shawarar da muka yanke da ta fi wannan amfani, don waɗanda aka cire ɗin su ne suka fi buƙatar a tuna da su.

Sai batun wurin taro da lokaci. Mu da yawa sai da izinin maigida muke fita, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Taron otal da dare, wasu ko tambaya ba za su yi ba. Muka mayar da shi gidan ɗayarmu, ana zagayawa, a fara bayan azahar a tashi kafin magariba. Wani ƙanena ya taɓa tsokanata wai taron mata ai gulma ce da cin shinkafa. Na tuna masa cewa Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'yan taru: shugabanninsu mata da ake kira jaji suna jagorantar mata daga ƙauyuka su zo su ɗauki karatu su koma su koyar. Mata su haɗu a kan ilimi su riƙe juna ba mu muka fara ba. Shinkafar kuwa muna ci, ban musa masa ba.

Kuɗi shi ne inda ƙungiyoyi irin tamu ke watsewa. Tun farko muka yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin ƙungiya mai amintattu, aka buga sanarwa a jaridu, aka jira kwana 28 na masu ƙorafi, sannan muka buɗe asusun banki da sunan ƙungiya. Mutum uku ke da sa hannu, sai biyu sun sa ake fitar da kuɗi. Kowane taro ma'ajiya za ta karanta abin da ya shiga da abin da ya fita, har kuɗin ruwan leda. Wasu na ganin ƙanƙanta ce, amma tunda ake yin haka ba a taɓa tashi taro da zargi ba. Kuɗin wata mun sa shi N1,000, mai hali ta ƙara abin da Allah ya hore mata ba tare da an shelanta ba.

Anko ne ya kusa raba mu. 'Yan'uwanmu na Abuja da Kaduna, da kyakkyawar niyya, suka zaɓo leshi don babban taron shekara, kuɗinsa ya kusa fanshon wata na wasunmu. A zauren WhatsApp kowa na cewa ma sha Allah, ya yi kyau. Ni kuma da ke riƙe da littafi sai na fara samun uzuri ɗaya bayan ɗaya: wannan jikanta ba lafiya, waccan tana da biki a dangin miji. Ba wadda ta ce kuɗin ne babu. Kirarinmu ai bai yi ƙarya ba, Katsinawa kunya gare ku ba dai tsoro ba. Bakatsiniya ta gwammace ta rasa taron da ta yi shekara tana ɗoki da ta buɗe baki ta ce ba ta da shi. Na kira shugaba na karanta mata sunayen masu uzurin, ita ma malama ce, nan take ta gane. Aka soke leshin. Yanzu farin mayafi kawai muke sawa, wanda kowace mace tana da shi a ɗaki.

Wannan kunyar ita ta tsara mana yadda muke taimako. Ba ma jira mace ta roƙa, don ba za ta roƙa ba. Kowace shiyya, Daura, Funtuwa, Dutsin-ma, Malumfashi, cikin gari, tana da wakiliya wadda aikinta ziyara ne, don zumunta a ƙafa take. Ita za ta lura wance ta rame, wance mijinta ya kwanta, wance an koro ɗiyarta saboda kuɗin jarrabawar NECO. Sai ta faɗa wa kwamitin mutum uku, su kaɗai. A rahoton ma'ajiya adadin kuɗi ake karantawa, ba a faɗin suna. Kuma mun haramta hoto. Wannan ɗabi'ar ta a miƙa wa mutum buhun shinkafa a tsaya ana ɗaukarsa hoto ana yaɗawa, ni dai ban ga alheri a cikinta ba, balle ga matar da kuka kwana ɗaki ɗaya.

Shekarun nan sun gwada tsarin. Matsalar 'yan bindiga ta taso wasunmu daga yankunan Batsari, Jibiya da Faskari, suka dawo cikin gari suna raɓe a gidajen dangi, lambobin wayarsu suka daina shiga, aka koma neman su daga farko. Bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamba 2020 aka rufe makarantun kwana na wani lokaci, iyaye da yawa suka ji tsoron mayar da 'ya'yansu mata, mu da muka ci moriyar kwana muka rasa bakin lallashi. Da aka cire tallafin mai a Mayu 2023 kuɗin mota ya ninka, sai muka fara sa wa na nesa kuɗin motarsu a ambulan, wakiliya ta ba su tun kafin ranar, kada a miƙa a gaban mutane.

Kwalejin kanta yanzu sakandare ce, tunda aka daina takardar daraja ta biyu aka mayar da NCE mafi ƙarancin shaidar malanta. Da muka tara ɗan abin da za mu yi mata aiki, ra'ayi ya fi karkata ga gina babbar ƙofa da allo mai sunan ƙungiya. Wata cikinmu da ta yi shugabancin makaranta ta ce a fara tambayar yaran. Muka nemi izinin hukumar makaranta, muka zauna da 'yan aji shida ba malami a wurin. Ruwa suka fara faɗa. Sai da aka jima, wata ta sunkuyar da kai ta ce audugar mata. Mu a zamaninmu tsumma ne, kuma ko uwar ɗakinki ba kya iya gaya wa. Muka haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, muka kuma sa a kai katan-katan na auduga wurin mai kula da ɗakunan kwana duk zango. Ƙofa tana nan yadda take.

Abin da ke gabanmu yanzu shi ne 'yan bayanmu, waɗanda suka yi makarantar bayan ta zama sakandare. Suna da tasu ƙungiyar, sun fi mu yawa, sun fi mu iya waya, kuma sun aiko suna son a haɗe. Wasunmu na tsoron za a shanye mu, a dawo da leshi da otal. Ni ina goyon bayan haɗewar, don littafina duk shekara sai na ja layi a kan sunaye na rubuta Allah ya jiƙanta, kuma dole wata ta karɓe shi. Sharaɗina biyu ne, a bar dokar rajista yadda take, a bar dokar hoto yadda take. An sa maganar a taron bayan Sallah, a gidan Yaya.