Layin tsakiya da layin tsayi: inda ɗalibai ke rikicewa a lissafin alwatika

Tun daga shekarar 1637, lokacin da Bafaranshen nan René Descartes ya wallafa hanyarsa ta haɗa zane da aljabara, ya zama ana iya gano abubuwa da dama game da alwatika ba tare da rula ko kamfas ba, muddin an san lambobin x da y na kusurwoyinta uku. Duk da haka, layuka biyu ba su daina rikita masu shirin jarrabawar WAEC da NECO ba, wato layin tsakiya da layin tsayi. A ganina laifin yana ga zanen da aka saba yi a allo, domin galibi alwatika mai gefe biyu daidai ake zanawa, wadda a cikinta layukan biyu ke hawa kan juna idan sun sauko daga kusurwar sama.

Mu ɗauki alwatika mai kusurwoyi A(2, 6) da B(1, 1) da C(9, 5), inda lamba ta farko ita ce x, ta biyu kuma y. Layin tsakiya daga A yana zuwa ne tsakiyar gefen BC, kuma samun wannan tsakiya ba wuya: a haɗa 1 da 9 a raba biyu, a haɗa 1 da 5 a raba biyu, sai a sami M(5, 3). Daga A zuwa M, x ya ƙaru da 3 yayin da y ya ragu da 3, saboda haka gangarar layin, wato sauyin y a raba da sauyin x, −1 ce, lissafinsa kuwa x + y = 8.

Layin tsayi ba ruwansa da tsakiya. Abin da ake bukata gare shi shi ne ya taso daga A ya sauka a kan BC a tsaye cak, da kusurwa mai digiri 90, ko'ina ne saukar ta kama. Don haka gangarar BC ake fara nema: y ya ƙaru da 4 yayin da x ya ƙaru da 8, wato ½. Ƙa'ida ita ce, layuka biyu da suka gicciya juna a digiri 90, idan aka ninka gangararsu da juna −1 ake samu, saboda haka sai a juya ½ ta koma 2, a kuma sauya mata alama ta zama −2. Mutum ya juya lambar ya manta da alamar, to duk abin da ya biyo baya ya lalace. Da gangara −2 da ɗigon A, ana samun y = −2x + 10, kuma idan aka warware shi tare da lissafin BC, wato y = ½x + ½, za a ga ya sauka a (3.8, 2.4), can nesa da M.

Tsawon layin tsakiya √18 ne, kimanin 4.24, na layin tsayi kuwa √16.2, kimanin 4.02. Ba dace aka yi ba, domin layin tsayi shi ne hanya mafi gajarta daga kusurwa zuwa layin da ke fuskantarta, saboda haka wanda ya ga nasa ya fi layin tsakiya tsawo ya koma ya duba aikinsa. Idan kuwa aka ɗaga A zuwa (2, 9), gefen AB da na AC za su yi daidai, layin tsayi ya koma y = −2x + 13, wanda ya ratsa ta kan M ɗin kanta. Wannan ita ce alwatikar allo da na ambata.

Layukan tsakiya uku suna haɗuwa a ɗigo guda, wanda ake samu da haɗa lambobin x na kusurwoyin uku a raba uku, a kuma yi wa lambobin y haka. A misalinmu na farko (4, 4) ne, kuma ya dace da x + y = 8. Wanda ya yanka wannan alwatika daga kwali ya ɗora wannan ɗigo a kan tsinin biro, zai ga ta zauna ba ta karkata ba. Layukan tsayi ma suna haɗuwa a wuri ɗaya, sai dai idan alwatikar tana da kusurwar da ta wuce digiri 90, mahaɗar tasu a waje take faɗawa, kuma dole a tsawaita gefuna biyu kafin layukan tsayinsu su sami wurin sauka.

Akwai kuma halin da ƙa'idar juya gangara ba ta aiki: idan gefen yana kwance, gangararsa sifili ce, kuma ba a raba lamba da sifili. A nan layin tsayi a miƙe yake sama, don haka lissafinsa lambar x ta kusurwar da ya taso ce kawai, kamar x = 2 idan daga A ne.