Neman sawun sojojinmu na Burma a ɗakunan karatun jami'o'in Ingila

Karatun digiri na biyu a fannin tarihi ne ya kai ni Landan, kuma batun da na ɗauka shi ne sojojin Arewacin Najeriya da Turawan mulkin mallaka suka kwasa zuwa Burma a Yaƙin Duniya na Biyu. Duk wanda ya san barikin Chindit a Zariya ko na Dalet a Kaduna ya san sunayen da wannan yaƙi ya bar mana, ko da bai san asalinsu ba. Runduna biyu ce ta Afirka ta Yamma ta tafi, ta 81 da ta 82. Ta farkon ta fafata da Japanawa a kwarin kogin Kaladan a 1944, ta biyun kuma a yankin Arakan a 1945, kuma Hausa ce harshen da yawancin sojojin Najeriya ke magana da shi a tsakaninsu.

Da ɗakin karatun SOAS na fara, makarantar nazarin Asiya da Afirka ta Jami'ar Landan da aka kafa a 1916. Wuri ne mai albarka ƙwarai, kusan duk littafin da na daɗe ina jin sunansa a Zariya ba tare da na taɓa riƙe shi ba, a can na same shi. Sai dai an jera littattafan ne yanki-yanki: Afirka na gefenta, Kudancin Asiya na nata, Kudu maso Gabashin Asiya ma haka. Bakano ko Babarbare da ya yi atisaye a Indiya ya kuma yi yaƙi a Burma ba shi da kantar kansa. Littattafan yaƙin Burma sukan ba shi sakin layi guda, na tarihin Najeriya kuma su ce ya tafi ya dawo, su wuce. Wannan rarrabuwar ita ta bi ni ko'ina na je, domin ita ma daular haka ta raba takardunta: ofishin Indiya daban, wanda takardunsa ke Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, ofishin ƙasashen mallaka daban, ofishin yaƙi daban.

A Oksifod na fi daɗewa. Tarin takardun zamanin mulkin mallaka da a da yake ɗakin karatun Rhodes House an mayar da shi ginin Weston na ɗakin karatun Bodleian a 2014, kuma a nan takardun Gwamna Lugga suke, tare da na Margery Perham da ta rubuta tarihin rayuwarsa. Tun 1963 jami'ar ta shiga tattara wasiƙu da littattafan tunawa na di'o'i da razdanai da hafsoshin da suka yi ritaya, kafin iyalansu su zubar. Da haka ne mai bincike a yau yake iya karanta abin da wani hafsa ya rubuta wa mahaifiyarsa daga daji, wanda ya sha bamban da rahoton da ya aika wa na gaba da shi. A cikin irin waɗannan wasiƙu na fara ganin sojojinmu a matsayin mutane: wanda ya kamu da zazzaɓi, wanda ya dage sai ya yi azumi, da ɗimbin 'yan dakon da suka ɗauki harsashi da abinci a ka cikin duwatsu, da yawansu ba tare da bindiga ba. Shi kansa Lugga a Madras ta ƙasar Indiya aka haife shi a 1858, ya kuma yi aikin soja a Burma kafin ya taka ƙasarmu, abin da ya sa na daina kallon tarihin mallakar Arewa a matsayin labarin Afirka zalla.

Kembirij na da tarin hotuna na ƙungiyar Royal Commonwealth Society, Birmingham na da takardun mishan na CMS ga mai neman labarin Dokta Miller da Wusasa, Durham kuma na da takardun Sudan. Waɗannan leƙawa kawai na yi.

Abin da ya fi sosa mini rai a unguwar Kew ta Landan na gamu da shi, a ma'ajiyar takardun gwamnatin Birtaniya, inda kundin yau da kullum na rundunonin yake ƙarƙashin lamba WO 172. Idan Bature ya mutu, za ka ga sunansa da muƙaminsa. Idan namu ne, sau da yawa adadi ake rubutawa. Inda aka kawo sunan ma, sai ka tarar da irin su Musa Kano ko Audu Zariya, domin wurin ɗaukar soja garin mutum ake liƙa masa a maimakon sunan mahaifi. Ta yaya za ka bambanta wannan Musa da wancan? Lambar soja ce kaɗai mafita.

Ga mai niyyar zuwa: a rubuta wa ma'aikatan sashen takardu tun kafin a tashi, a faɗa musu batun dalla-dalla. Sun san akwatunan da kundin intanet bai bayyana cikinsu sosai ba, kuma wasu kayan a wani gari ake ajiye su, sai an nema kwanaki kafin ranar zuwa. Shafin Archives Hub yana nuna jami'ar da ke riƙe da takardun wane. A tafi da fensir, ba a shiga da biro. Duk hoton da aka ɗauka a haɗa da lambar fayil ɗin, in ba haka ba daga baya ba za a gane daga ina ya fito ba.

Muryar sojan da kansa kuwa a gida take. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fitowa a Zariya a 1939 ƙarƙashin Abubakar Imam, ta kai wa mutane labarin yaƙin da Hausa, kuma a Kaduna, tsakanin Gidan Arewa da ma'ajiyar takardu ta ƙasa, ya kamata a bi sawunta. Tsoffin sojojin kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, amma a gidaje da dama akwai takardar sallama da lambar yabo ta Burma a cikin adaka. Yanzu aikin da nake yi ke nan: ina bin iyalai ina neman izinin ɗaukar hoton takardun, ina haɗa lambar sojan da ke jikinsu da rundunar da na gani a Kew, in sanar da jikokin mutum kwarin da kakansu ya yi yaƙi da watan da ya isa can.