Madarar Kaka

Juma'a, ƙarfe 11 da rabi na dare. Kowa ya kwanta, saura ni a falo da injin wanke kwanuka yana ta gurnani. Gobe da sassafe za mu NASA, cibiyar binciken sararin samaniya ta nan Houston, ya kamata a ce na yi barci tuni, amma abin da na yi wa Kaka da safe ya tsaya mini a maƙoshi. Kaka shi ne dattijon Ba'indiyen da na zauna a gidansa ina ɗalibi a birnin Pune na Indiya, shi da matarsa Kaku suka kawo mana ziyara.

Bayan asuba na koma na ɗan kishingiɗa, tunda na ɗauki hutu a wurin aiki saboda zuwansu. Wajen bakwai saura Maman Ummi ta tashe ni, wai Kaka ba ya cikin gidan. Takalminsa babu a bakin ƙofa, wayarsa kuma tana kan tebur, dama layinsa na Indiya ba ya aiki a nan. Na fito a firgice na tarar da Kaku a kicin tana daka citta, hankalinta kwance. Ta ce ai madara ya je sayowa. Na ce, "Kaku, ga madara nan a firij." Ta ɗan yatsina fuska ta ce wannan mai ruwa-ruwan ba ta yin shayi, jiya ma kara ce ta sa suka sha. Kuma shekara 40 ke nan shi ke fita sayo madarar safe, ba ta ga abin da zai sa ya fasa don an zo Amurka ba.

Nan na tuna. Jiya da muke dawowa daga filin jirgi ya nuna kantin nan na bakin Highway 6, ya tambaye ni nisansa da gida, na ce minti huɗu. Ban ce masa a mota ba. Ban ma san akwai buƙatar a faɗa ba.

Na zari makulli, ko hula ban saka ba. Sai da na zagaya unguwa sau biyu kafin na fita babban titi, can na hango farar rigarsa. Yana tsaye a kan ciyawa, lambatu a bayansa, motoci na ta wucewa fuu a gabansa da gudun da bai gaza kilomita 80 ba, 'yar jakar yadinsa ta cefane a rataye a hannu. Wannan jakar na san ta tun ina ɗalibi a gidansu a Pune. Ya ɗaga tafin hannu ɗaya yana nuna wa motoci, yadda ake yi a can in za a tsallaka. A Pune kana ɗaga hannu ka kutsa, masu babur da masu keke napep su kauce maka ta gaba da ta baya. A nan ko birki ba wanda ya taɓa. Abin da ya fi tayar mini da hankali, dama yake fara dubawa, don a Indiya hagu ake bi.

Na yi fakin a inda bai kamata ba, na fito. Ban gaishe shi ba. Na ce, "Kaka, kashe kanka za ka yi? Nan ba Pune ba ce! Wa ya ce ka fita kai kaɗai? In mota ta kaɗe ka, me zan gaya wa 'yarka?" Da ƙarfi na faɗa, har da nuna shi da yatsa. Dattijo mai shekara 71, wanda ya riƙe ni shekara huɗu kamar shi ya haife ni.

Bai tanka ba. Ya shiga mota, ya ɗaura bel a hankali, ya ninke jakar ya ɗora a cinya. Haka muka tafi shiru har wurin ajiye motocin kantin. Sai da na kashe mota ya juyo ya ce, "Beta," wato ɗana, "yau bandh ake yi ne?"

Wanda ya zauna a Indiya ya san bandh: ranar da wata jam'iyya ko ƙungiya ta ce a rufe gari, shaguna a garƙame, titi fayau kamar an sa dokar hana fita. Na ce a'a, yau ranar aiki ce kamar kullum. Ya ce to minti 40 ya yi yana tafiya, bai gamu da ɗan Adam ko ɗaya a kan ƙafafunsa ba. Karnuka biyu ya gani a bayan shinge, sai wani mai yankan ciyawa, shi ma a zaune yake kan injinsa. Daɓen masu tafiya a ƙasa ya raka shi har ƙofar unguwa ya ƙare, ya sake ɓullowa a gaban wani coci, ya sake ɓacewa. Ya ce, "Wanda ya shimfiɗa shi, ina yake tsammanin mutum zai bi daga nan? Sama?"

Sai kuma ya fara dariya, yana ba ni labarin wata Baturiya a babbar a-kori-kura da ta tsaya ta tambaye shi ko motarsa ce ta lalace. Ya ce mata ba shi da mota. Ta dube shi da tausayi, ta miƙo masa robar ruwa da dala biyar. Ruwan ya karɓa, kuɗin ya mayar. Mutumin da ya yi ritaya da girmansa a hukumar jiragen ƙasa ta Indiya, yau an ba shi sadaka a bakin titi. Shi dariya yake har da share hawaye, ni kuwa na kasa.

A cikin kanti ya nemi ƙaramar leda ta rabin lita irin ta gida. Ni da nake sauri na ɗauko galan guda na mai maiƙo, na ce mu tafi.

To ba wannan ne ya fi ƙona mini rai ba. Da na ɗauki Ummi zuwa makaranta, muna cikin jerin motocin iyaye, ta leƙo daga kujerar baya ta ce, "Abba, Kaka talaka ne?" Na ce me ya sa kika ce haka. Ta ce ai marasa gida ne kawai suke tafiya a ƙasa a babban titi. Ba da raini ta faɗa ba, tambaya take tsakaninta da Allah. Kafin in haɗa amsa layi ya zo kanmu, malamar ta buɗe ƙofa, ta fice da jakarta.

Shekararta bakwai, ba a taɓa aikenta ba. Ni ina ɗan shekara biyar ake ɗaura mini kuɗi a bakin riga in je wurin mai shago in sayo ashana, in na ɓata hanya kowace tsohuwa a layin ta san ɗan gidan wane ne.

Sauran yinin yawo ne, kuma ba laifi an sha dariya.

Na bi da su ta Katy Freeway da gangan, don baƙo ba ya zuwa Houston bai ga wannan ba. A wajen mahaɗarsa da Beltway 8, in aka haɗa da titunan gefe, layukan mota sun kai 26. Kaka ya fara ƙirgawa da yatsa ya rikice. Na ce masa a 2008 aka gama faɗaɗa shi, kuma har yau da yamma a tsaye ake. Ya leƙa motocin da ke kusa da mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Kowace mutum ɗaya ne a ciki." Kaku dai titin ya burge ta. Ta ce tun da suka sauka ba ta ji an danna hon ba, kuma ba hayaƙin da ke sa ta tari. A nan ina bayanta. Pune ba aljanna ba ce ga mai tafiya a ƙasa: hanyar ƙafar masu talla sun cinye rabi, babura sun cinye sauran, kuma na ga haɗarin da ba na son tunawa a can. Amma dai a Pune direba ya san da kai, ko da zagi ne zai yi maka.

Tsakiyar gari da tsakar rana, dogayen benaye na gilas, rana ta take, iska mai nauyi kamar tururin tukunya. Titi babu kowa. Kaka ya dube ni, na san bandh zai sake cewa, sai na ja su muka gangara ƙasa. Akwai hanyoyi a ƙarƙashin ƙasa, zurfin kamar mita 6, tsawonsu kusan kilomita 10 in an haɗa, sun sada benayen da juna, da esi da gidajen abinci da masu aski. Ranakun aiki kawai ake buɗe su. Ga mutane nan maƙil, ma'aikata da katin shaida a wuya kowa riƙe da abincin rana. Fuskarsa ta washe. Ya ce, "Ashe nan kuka ɓoye su."

Na bar su a can da kofi na haura Juma'a a masallacin nan na tsohon ginin banki da Hakeem Olajuwon, ɗan wasan ƙwallon kwandon nan ɗan asalin Najeriya, ya saya ya mayar masallaci. Huɗubar ban riƙe komai a cikinta ba, Allah Ya yafe mini, ina ta jin muryata ta safe a kunnena.

Tsohon ma'aikacin jirgi ba zai ga dogo ya wuce ba. Ya dage sai mun hau jirgin cikin gari, dala 1.25 kowa, muka yi tasha huɗu muka dawo. Ya tsaya yana duba yadda aka shimfiɗa dogon, ya yaba aikin, sannan ya ƙirga tarago: biyu. Ya ce jiragen Mumbai a rana ɗaya suna kwasar mutum sama da miliyan 7. Na yi lissafi a raina, kwatankwacin jama'ar Houston da kewayenta gaba ɗaya ke nan. Ya tambayi jirgin Dallas ƙarfe nawa yake tashi. Na ce babu mai zuwa kai tsaye, jirgin nesa ɗaya ne ke ratsa garin, shi ma sau uku a mako ta kowane ɓangare. Ya ɗauka tsokanarsa nake.

La'asar a Hillcroft, titin shagunan Indiyawa. Kaku ta shiga shagon sari ta manta da mu. Masala dosa (wani abincin Indiya), shayi na gaske, na tuna da yunwar ɗalibta. Da muka fito Kaka ya ga allon titi an rubuta Mahatma Gandhi District, na ce a 2010 aka raɗa wa unguwar sunan. Shagon kayan zaƙin da Kaku ke so yana tsallaken titi, ana hango shi, amma na ce mu shiga mota. Ya tsaya da hannu a kan murfin ƙofa ya ce Gandhi a 1930 ya taka daga Ahmedabad har Dandi, mil 240 cikin kwana 24, yana da shekara 60 a duniya, ga unguwarsa ba a iya tsallaka titinta da ƙafa. Na ce Kaka, mil 240 ai kusan nisan nan da Dallas ke nan. Ya ce, "To ka ga, shi da bai jira jirginku ba."

Da muka shigo gareji na duba, mun ci kilomita 112, kuma ba mu bar gari ba.

Ƙofar gareji ta sauka a bayanmu, kamar kullum. Yau ne kawai na ji saukarta. Shekara shida muna gidan nan, maƙwabcinmu na hagu motarsa na sani, toka-toka ce, shi kansa in na gamu da shi a kanti ba lallai in gane shi ba. Lokacin da zazzaɓin dengi ya kwantar da ni a Pune, da tsakar dare Kaka ya sa silifa ya taka zuwa kemis, minti uku, ya buga wa mai shagon ƙofa don ya san ɗakin da yake kwana. Washegari mai guga na bakin layi da mai jarida duk sai da suka leƙo duba ɗan Afirkan gidan Kaka. Wannan mutumin na tsaya ina yi wa tsawa a bakin titi, don ya yi abin da ya saba yi kowace safiya tun kafin a haife ni. Tsoro ne ya sa, na sani. Maman Ummi ma ta ce tsoro ne, in daina cin kaina. Amma har da haushi a ciki, haushin ya fita ya ga abin da na daina gani.

Bayan isha na same shi a baranda ta baya yana kallon shinge. Na durƙusa na ce, "Kaka, ka yafe mini maganar safe." Ya dafa kaina ya ce wace magana, shi bai ji komai ba, ƙarar motoci ta yi yawa. Don in gyara, na ce jibi da asuba zan kai shi Terry Hershey Park, akwai doguwar hanyar ƙafa a bakin rafi, da bishiyoyi, ba mota ko ɗaya. Ya yi shiru yana juya maganar. Ya ce, "Wato ka ɗauke ni a mota, ka kai ni inda zan yi tafiya a ƙasa, in je in dawo inda na fara, ka sake ɗauko ni a mota." Na ce haka ne. Ya ce, "Kuma babu madara a ƙarshen hanyar?" Na ce babu. Ya ce to za a duba.

Ummi ban ba ta amsarta ba har yanzu. Ta yi barci a mota.

Galan ɗin nan kusan lita 4 ne, su kuma Litinin za su koma New Jersey wurin 'yarsu, ba zai ƙare kafin nan ba. Ɗazu na ga Kaka ya buɗe firij ya ɗaga shi yana auna nauyinsa, ya mayar. Na roƙi Maman Ummi gobe ta kwashe fiye da rabi ta yi mana kindirmo. Na buɗe taswira a waya ina neman ta inda mutum biyu za su bi su isa kantin ba tare da sun hau Highway 6 ba. Akwai wani lungu ta bayan makarantar su Ummi, sai dai ban tabbata ko shingen wurin a buɗe yake ba. Kambas ɗina ma ban san inda yake ba, ina jin yana cikin but ɗin mota.