Fim ɗin da ya dace da ɗaukar hoton ƙananan jiragen ƙasa

Ma'aunin HO na jiragen ƙasa na kwaikwayo kashi 1 ne cikin 87 na girman jirgin gaske, ma'aunin N kuma 1 cikin 160. Abu ƙarami haka sai an matso da kyamara daf da shi, kuma da an matso, gaban inji ne kawai zai fito ras, taragun baya su dushe. Maganinsa a tsuke ƙofar haske zuwa f/16 ko f/22, a kafa kyamara kan ƙafafu uku, a tsayar da jirgin cik. Wannan kan kai lokacin ɗauka zuwa sakan biyar ko goma, kuma a nan zaɓen fim yake.

Mutane kan ruga su sayi fim mai saurin kama haske, irin ISO 400, don gudun ƙarancin haske. Ba a buƙata, tunda ba abin da ke motsi. Tsakin fim mai sauri, wato ɗige-ɗigen da ke fitowa a hoto, yakan cinye ƙusoshin jikin tarago da lambobin da ke gefen inji. ISO 100 ya fi.

Abin lura shi ne fim yana yin kasala wajen kama haske idan ɗauka ta wuce sakan ɗaya. A Ilford FP4 Plus, idan mitar auna haske ta nuna sakan 10, sai an ba shi kusan 18; HP5 Plus kuwa kusan 20. Fujifilm Acros II ba ya neman ƙari sai an kai sakan 120, shi ya sa a fari da baƙi yake da sauƙin sha'ani. A mai launi, Provia 100F yana jure dogon lokaci. Velvia 50 launinsa kan karkace bayan 'yan sakanni, ga shi yana mayar da baƙin inji dunƙulen gawayi.

Sai fitila. Yawancin fim mai launi an yi shi ne don hasken rana, wajen 5500K a ma'aunin launin haske. Ƙwan tangistin mai 3200K, wato ƙwan lantarki mai zare a ciki, zai rina komai ruwan lemo, sai an sa filta 80A, wadda ke cin mataki biyu na haske, kowane mataki kuma na ninka lokacin ɗauka. Sakan 4 ya koma 16. CineStill 800T ba ya buƙatar filta, amma tsakinsa manya ne, kuma yana zagaye fitilar gaban inji da jan da'ira. Kada a haɗa hasken taga da na ƙwai, babu filtar da ke gyara biyun lokaci guda.

A auna haske a kan kati mai ruwan toka, ba a jikin baƙin inji ba. A ɗauki kowane hoto sau uku: yadda mita ta ce, da ƙarin mataki ɗaya, da ƙarin biyu. Idan silaid ne, wato fim irin su Provia da Velvia, rabin mataki sama da ƙasa ya isa.