Mun dawo lafiya: godiya bayan Shanghai, Incheon da Singafo

Alhamdulillahi. Mun sauka, mun kwance kaya, ƙanena Auta, ɗan ninƙayar da na raka gasa, yana can yana barci tun jiya da la'asar, ko juyi bai yi ba. Ni kuwa barcin ya ƙi zuwa, idona ya bushe, har yanzu jikina bin agogon Singafo yake yi. Shi ya sa na ce bari in sauke wannan nauyi tun da sauran ƙarfina, don saƙonnin da ke cikin wayata sun fi ƙarfin in bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya rubuto ban amsa ba, don Allah ya yi mini afuwa. Wallahi ba wulaƙanci ba ne.

Kun bi mu tun ranar 18 ga Oktoba da aka buɗe Gasar Kofin Duniya ta Ninƙaya ta 2024, har ranar 2 ga Nuwamba da aka rufe. Birane uku, kowanne kwana uku, tsakaninsu jirgi da jaka da jiƙaƙƙen tawul. Abin da ya faru a Shanghai kun gani, wasunku ma sun riga ni gani a waya. Ƙafar Auta ta motsa a kan dandamali kafin ƙarar tashi, shi ke nan. A wannan wasa ba a yi wa mutum uzuri ko sau ɗaya. Ya yi iyon mita 100 ɗin nan har ƙarshe, ya ɗago kai yana haki, ya tarar da haruffa uku, alamar an soke tserensa, a gaban sunansa inda lokaci ya kamata ya fito. Ba zan ƙara fama wannan miki ba.

Daren farko na Incheon nake so in tsaya a kai, don ban taɓa ba kowa labarinsa dalla-dalla ba, ko Umma.

Mun taso daga Shanghai, tafiyar wajen awa biyu a jirgi, muka tarar da sanyi mai shiga ƙashi. Tun a mota na ji muryarsa ta canja, ya ce ba komai. Wajen ƙarfe biyu na dare na taɓa goshinsa, kamar garwashi. Hanci a toshe, haƙora na kaɗawa, ga shi da safe yana da tsere. Abin da yake ta maimaitawa kawai shi ne, "Yaya, ki ba ni wani abu in miƙe. Ba zan yi asara sau biyu ba." Kocinsa bai samu zuwa wannan zango ba, kuɗin tikiti uku ya gagare mu, na kira shi sau huɗu wayar ba ta shiga. A jakata akwai wani maganin mura na gari-gari, irin wanda ake zubawa a ruwan zafi, na sha shi ba adadi, na ba 'ya'yana. Na ɗauki ƙunshi ɗaya da kofi na sauka ƙasa neman ruwan zafi, ko takalmin kirki ban sa ba.

A wajen na'urar ruwan na tarar da wata dattijuwa, gashi duk furfura, da katin shaidar gasar rataye a wuyanta irin nawa. Ta kalli katina, ta kalli ƙunshin da nake ƙoƙarin yagawa. Sai kawai na ji ta riƙe mini wuyan hannu. Ba da ƙarfi ba, amma riƙon da ba a fizgewa. Ta karɓe shi, ta sa tabarau, ta juya bayansa, ta ɗora farcenta a kan wata doguwar kalma a cikin ƙananan rubutun nan da ba mai karantawa. Ta nuna kaina, alamar tambaya: ke za ki sha? Na girgiza kai, na yi mata alamar iyo da hannu. Ta rufe ido ta ja numfashi.

Ashe likitar wata tawaga ce, ita ma wani nata ne ya hana ta barci. Yarenmu bai haɗu ba, da waya muka yi magana, ta rubuta ta fassara, in rubuta in fassara. Kalmar da ta nuna sudo'efedirin ce, sinadarin da ke buɗe hanci a yawancin magungunan mura. Hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, ta haramta shi a lokacin gasa idan ya wuce mikrogiram 150 a kowace mililita ta fitsari. Lokacin gasar kuwa yana farawa ne daga ƙarfe 11:59 na daren jajibirin tserenka, mu ga mu ƙarfe biyu ta wuce. Kuma dokarsu ba ta san "yayata ce ta ba ni" ba. Duk abin da aka samu a jikin ɗan wasa, shi ke da alhaki, ko ya sani ko bai sani ba. Dakatarwa ce ta watanni, tana iya kaiwa shekara biyu, ga tabon da ba ya gogewa daga suna. Wani zai ce wa zai damu da gwada yaron da ko zagayen ƙarshe ba ya kaiwa? Ana iya zaɓar kowa.

Ina karantawa cikina ya ɗuri ruwa. Sai da na jingina da bango. Shekara nawa yaron nan yana tashi da asuba, da hannuna, da kofi ɗaya na ruwan zafi, saura ƙiris in rusa masa.

Matar nan ba ta tsaya nan ba. Ta koma ɗakinta ta ɗauko jaka, ta biyo ni sama. Ta auna zafin jikinsa, ta sa abin sauraro a ƙirjinsa da bayansa, ta ba shi farasitamol, wanda shi ba a hana ba. Ta sa na zazzage duk magungunan jakata a kan gado, ta bi su ɗai-ɗai da jan biro, wannan ta yi masa alama mai kyau, wannan ta ja masa gicciye. Sannan ta rubuta a waya ta miƙa wa Auta da kanta: gobe ba ruwa. Mai zazzaɓi idan ya takura wa jikinsa, ƙwayar cutar tana iya taɓa tsokar zuciya. Auta ya fara gardama, hawaye na zuba. Ta zauna a bakin gadon ta dafa kafaɗarsa, ba ta ce komai ba, ta bar shi ya yi kukansa ya gama. Ta kai kusan asuba tare da mu. Da na ɗauko jaka zan ba ta wani abu, irin kallon da ta yi mini ya sa na mayar da sauri, kunya ta rufe ni.

Ban san sunanta ba. Na gani a katin, harshena ya kasa riƙe shi, a ruɗe nake. A Singafo na yi ta raba ido ban gan ta ba. Ya Allah, Kai ka san ta, Ka san inda take kwana a daren nan. Ka tsare ta, Ka tsare abin da ta haifa, Ka jeho mata mai riƙe mata hannu ranar da ita ma za ta yi kuskure cikin duhu. Ka yi mata sakayya da mafi alherin abin da Kake saka wa bayinKa da shi.

Haka muka yi Incheon a ɗaki, shi cikin bargo, ni riƙe da waya muna kallo. A nan muka ga Kate Douglass ta Amurka ta kafa tarihin duniya a iyon ƙirji na mita 200, minti 2 da sakan 14.16, ƙawarta Regan Smith ta bi sahu a iyon rigingine na mita 100 da sakan 54.41. Auta yana tari yana lissafa mini bugun ƙafarsu a ƙarƙashin ruwa. A tafkin mita 25 da aka yi gasar 2024, juyi a bango shi ne rabin tseren: mita 100 tsawo huɗu ne, juyi uku, kuma, ban da a iyon ƙirji, bayan kowane juyi ba a yarda kai ya wuce mita 15 bai fito ba. Da na ga ya dawo yana yi mini wannan karatu da ban tambaya ba, na san sauƙi ya samu.

Singafo kuma zafi da gumi, bayan fiye da awa shida a sama. Kocinsa ya iso. Ranar 1 ga Nuwamba da dare muna zaune can sama Léon Marchand na Faransa, mai zinare huɗu a Olamfik ɗin Paris, ya yi mita 200 na gaurayen salo huɗu a minti 1 da sakan 48.88, ya goge tarihin da Ryan Lochte ya riƙe tun 2012. Ihun da aka yi sai da kujerata ta girgiza. Douglass ta sake rage nata zuwa 2:12.72, Smith ta kai nata 54.27. Da aka tattara makin zangon uku, inda ake ɗaukar tsere uku mafi kyau na kowa a kowane birni a haɗa matsayi da saurin lokaci, Marchand ne ya ɗauki na maza, Noè Ponti na Suwizalan yana biye. Na mata Douglass ce, ta fi Smith da maki 0.1 kacal. Kowane zakara dala 100,000. Na tausaya wa Smith, gaskiya. Ki karya tarihin duniya a birane biyu, a ce ƙwayar gero ce ta raba ki da kofi.

Namu tseren safiyar ranar ƙarshe ne, mita 50 na iyon malam-buɗe-littafi. Rukunin farko-farko, layin gefe, kujerun 'yan kallo rabi babu kowa. Da aka ce su ɗauki matsayi, ni ƙafarsa kawai nake kallo. Ba ta motsa ba. Ƙarar ta tashi, ya faɗa, ya je ya dawo, ya buga allon bango da hannu biyu kamar yadda doka ta ce. Na ɗaga kai. Sunansa, a gabansa lamba. Lamba, jama'a, ba haruffa ba. Kuma ta fi duk wadda ya taɓa yi, da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Mintoci kaɗan bayan haka, a ruwan nan dai, Ponti ya yi 21.50, sabon tarihin duniya, kowa ya miƙe. Ni ina zaune ina kuka a kan wani lokaci daban da ba wanda ya lura da shi. Bai kai zagayen ƙarshe ba, mutum takwas ake ɗauka, yana nesa da su. Ba za mu je gasar zakarun duniya ta Budapest a Disamba ba. Alhamdulillahi duk da haka, Alhamdulillahi ninkin ba ninkin.

Yanzu godiya. Gwaggo ta ce in na ambace ta ba ta yafe ba. Gwaggo, ki yi haƙuri, yau ɗaya zan saɓa miki. Bayan Incheon na yanke shawarar mu juyo gida, kuɗi ya ƙare, zuciya ta karye. Ke kika kira kika ce, "Ku ƙarasa. Yaron da ya faɗi sau biyu ba a dawo da shi a kwance." Kafin in ajiye waya tikitin Singafo ya samu, har da na koci. Allah ya gina miki gida a Aljanna, Ya sa 'ya'yanki su yi miki fiye da haka.

Malam koci, shekara da shekaru kana tsaye bakin ruwa da agogo a hannu, watanni da yawa ba mu biya ba ba ka taɓa ɗaga gira ba. Da ka ga ƙunshin nan mai jan gicciye ba ka yi mini faɗa ba, ka ce laifinka ne da ba ka binciki jakata ba. Ba laifinka ba ne. Allah ya ƙara girma. Baban yara, mako uku kana uwa kana uba, ban ji ƙorafi ko ɗaya ba, sai "yaya jikin Auta?" Allah ya bar mu tare. Umma, na san ba ki yi barcin kirki ba tun da muka tashi, na san da wa kike magana a tsakar dare. Mun ga amsar. Matasan nan masu aikin sa kai a wuraren gasar uku, masu nuna hanya da murmushi ko an tambaye su abu ɗaya sau biyar, Allah ya yi musu albarka. Da ku da kuka hana idonku barci saboda bambancin lokaci don ku kalli tseren da bai kai rabin minti ba, me zan ce muku?

Akwai kuma waɗanda na yi ta duba waya ko zan ga kiransu, jini ɗaya, har muka dawo shiru. Su ne dai masu cewa wai wanka aka mayar sana'a. Ba komai. Wataƙila hidima ce ta yi yawa. Da Baba yana raye dai na san da ba a yi shirun nan ba. Allah ya jiƙansa, shi ya fara riƙe cikin yaron nan a ruwa yana ce masa ya buga ƙafa. A jirgi Auta yake tuna mini cewa Dylan Carter na Trinidad da Tobago, 'yar ƙaramar ƙasa, shi ya ci kofin maza a 2022, Matthew Sates na Afirka ta Kudu ya ci a 2021, Chad le Clos kuwa sau huɗu. Na san da wa yake wannan magana, ba da ni ba ce. Na ce ya bar su, zumunci ya fi ƙarfin wannan.

Allah ya saka wa kowa da alheri. Wanda ya ba da kuɗi, wanda ya ba da addu'a, wanda ya turo kalma ɗaya a daren da muke buƙatarta, Allah ya yaye masa damuwarsa, Ya ba marasa lafiyarsa lafiya, Ya dawo masa da matafiyansa gida kamar yadda Ya dawo da mu. Allah ya tsare 'ya'yanku daga kuskuren masoyansu. Amin, amin.

Ƙunshin maganin yana nan a aljihun jakata da jan giccensa, na kasa jefarwa. Auta ya ce ranar Litinin zai koma ruwa ƙarfe biyar na asuba. Ni dai kada wanda ya tashe ni.