Baƙar taga da takardar da na buga da hannuna

Ranar Juma'ar da ta wuce na miƙa makullin ɗakin kwamfutoci, bayan shekara huɗu a ofishin nan. Waɗanda muka zauna tare sun san ba albashi ne ya kore ni ba, ko da yake shi ma ba abin a zo a gani ba ne.

Wata rana bayan azahar Antinmu ta sashen kuɗi ta tsare ni a bakin ƙofa, ta rage murya. "Ƙanina, in mutum na son duba abu a kwamfutar ofis ba tare da an sani ba, yaya ake yi?" Na gane aiki take nema a wani wuri, don kowa ya san zaman doya da manja da suke yi da Oga. Ban tsaya tunani ba, na buɗe mata Chrome, na danna Ctrl da Shift da N, baƙar taga ta fito. Na ce, "Anti, wannan ita ce Incognito. Kina rufewa shi ke nan, ko aljani ba zai gani ba." Ta yi dariya, ta sa mini albarka.

Abin da ke cin raina har yau shi ne na san gaskiyar lamarin, baki ne ya riga hankali. Incognito kwamfutar da ke gabanka kawai take sharewa: jerin shafukan da ka buɗe, da kukis (ƙananan bayanan da shafuka ke ajiyewa a kwamfutarka don su gane ka), da abin da ka cike a fom. Sawun da ka bari a hanya kuwa yana nan. Ni da hannuna na saita na'urar da ke raba mana intanet, kuma tana rubuta sunan kowane shafi, da lokacin da aka shiga, da kwamfutar da ta shiga. A jikin baƙar tagar ma an rubuta cewa wurin aikinka da kamfanin da ke ba ka intanet na iya gani. Ba mai karantawa, har da ni.

Bayan wata biyu Oga ya ce data na ƙarewa tun wata bai raba ba, in fitar masa da lissafin inda take tafiya. Na buga na kai masa, ko dubawa ban yi ba. Abin da Anti ta rubuta a shafukan bai fito ba, tun da a kulle yake tafiya, sai dai sunayen shafukan neman aiki a jere, kullum wajen ƙarfe biyu. Hakan ya ishe shi. Ya ja layi da jan biro. Masu kallon ƙwallo a YouTube, waɗanda su ne suka cinye datar, ko tari bai yi musu ba. Da kwantiraginta ya ƙare ba a sabunta ba.

Na same shi na ce, "Yallaɓai, lissafin data ka ce in kawo, ba na mutane ba." Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Kai ka kawo takarda, ni karantawa na yi." Ban sami amsa ba, don ba ƙarya ya yi ba.

A 2024, da labari ya fito cewa Google ya amince zai goge biliyoyin bayanan masu amfani da Incognito bayan ƙarar da aka kai shi a Amurka, Anti ta turo mini labarin ta WhatsApp. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Har yau ban san ko tausasa mini ta yi ko gori ba.

Sauran abin da na koya bai kai wannan ciwo ba. Kada ka shiga Chrome da asusunka na Google a kwamfutar taro, don kalmomin sirrinka da tarihin bincikenka na iya biyo ka can. Maɓallin Do Not Track, mai ce wa shafuka kada su bi sawunka, roƙo ne kawai, yawancin shafuka ba sa sauraro. Kukis ɗin masu talla, waɗanda ke sa takalmin da ka duba jiya ya yi ta binka shafi shafi, manhajar shiga intanet ta Firefox ta fara toshe su tun 2019, takwararta Safari ta rufe musu ƙofa a 2020, Google kuwa ya yi alkawari ya yi ta ɗagawa har ya fasa, sai ka shiga saitin Chrome ka kashe da kanka. Ko ka kashe, ana iya gane na'urarka ta girman allo da irin haruffan da ke cikinta. In kuma aiki kake nema, yi da wayarka da datarka.

A takardar miƙa aiki na rubuta wa wanda zai gaje ni cewa na'urar yanzu yawan datar da kowace kwamfuta ta sha kawai take ƙirgawa, ba ta ajiye sunan shafi. Tun bara na mayar da ita haka. Oga bai taɓa tambaya ba, ni ma ban taɓa faɗa masa ba.