Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Raɓar da Ta Haura Shekara Sittin

Makon jiya na tsaya a kan auren Yaya, kuma bisa tsari yau ya kamata in shiga shekarun da na yi ina tuƙin motar ruwa tsakanin Makka da Jidda, amma zan tsallake su, domin tun ranar Juma'a da aka aiko mini da hoton 'yar Autanmu daga Kano, maganarsa ta hana ni barci.

Masu bin wannan tarihi sun san cewa kakanmu da ƙafa ya baro Haɗejiya, ya bi ta Fallomi da Junaina, ya yi shekaru yana tsinkar auduga a Jazira kafin ya haɗa kuɗin jirgin ruwa a Sawakin, ya sauka ƙasar nan ta Saudiyya tun Sarki Abdul'aziz yana raye. A Sharamansur, wata unguwa a Makka, aka yanke mini cibiya, a nan aka yanke wa Auta tasa. Duk da haka ba mu taɓa zama 'yan ƙasa ba, domin dokar nan uba take bi, ba wurin haihuwa ba. Hajiya Babba, Allah ya jiƙanta, idan ta ga ɗayanmu ya ɗaga murya a layi, sai ta ja kunnensa ta ce baƙo raɓa ne. Da wannan kalma aka raine mu, kuma da ita Baffa ya rufe mini baki a shekarar 2013.

A shekarar ne hukuma ta ba wa baƙi wa'adin gyara takardun zama, aka ƙara shi har zuwa 3 ga Nuwamba, washegari kuma aka fara kame. Auta yana da igama, wato takardar izinin zama, direba ne a gidan wani mutum da ba zan ambaci sunansa ba. Ya bi shi albashin wata bakwai, da ya matsa da tambaya sai kafilin, wato ubangidan da izinin zamansa ke hannunsa, ya je ya shigar da balagin hurub, wato ya shaida wa hukuma cewa ma'aikacinsa ya gudu, alhali a daren ma a ɗakin direba na gidansa Auta ya kwana. Wanda bai zauna a nan ba zai yi wuya ya gane nauyin wannan takarda: da zarar ta shiga kwamfuta, mutum ya zama mai laifi tun kafin a tambaye shi komai, kuma wanda ya ci masa haƙƙi shi ne mai riƙe da fasfonsa. An tare shi a shingen bincike a hanyar Jidda, aka wuce da shi gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasa, aka ɗauki zanen yatsunsa, bayan mako shida aka sa shi a jirgin Kano, garin da bai taɓa takawa ba. Hausarsa rabinta Larabci ce. A nan ana ce masa Takaruni, a can yara suka riƙa binsa da Takari.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a wannan shekarar ce aka gyara zaman al'ummar Barma, wato Musulmin da suka taso daga ƙasar Myanmar, da ke Makka, aka ba su igama ta shekara huɗu kyauta. Ba hassada nake yi musu ba, maƙwabtanmu ne, kuma sun sha wuyar da ta fi tamu. Amma na ga yadda dattawansu suka haɗa kai suka ƙidaya mutanensu gida gida, suka shiga ofis da takarda a hannu. Sai na zauna na rubuta ma'aruli, wato takardar koke ga hukuma, cikin ladabi, ina roƙon a dubi 'ya'yan Hausawa da aka haifa a ƙasar nan, a ba su zama wanda ba ya rataye a wuyan kafili, kuma kada a karɓi balagin hurub sai an kira ma'aikaci an ji ta bakinsa. Na kai wa Baffa bayan sallar isha'i domin ya fara sa hannu, tunda shi ne babba.

Ya karanta har ƙarshe, ya naɗe ta, ya miƙo mini. Ya ce, "Ɗan nan, ka manta maganar Hajiya? Baƙo raɓa ne." Na ce, "Baffa, ku gafarce ni, raɓar da ta haura shekara sittin ba ta bushe ba, ai ta zama rijiya." Bai sake ce mini komai ba, kuma da dattawan layi suka ji bai sa hannu ba, ko ɗaya bai sa ba. 'Ya'yansa suna karanta wannan rubutu, na sani, kuma ba zan janye ba: Baffa ya ji tsoro ne, domin nasa duk suna ƙarƙashin kafili mai mutunci. Inna ta rasu bayan shekara uku, Auta ya yi mata salla daga nesa.

A zirga-zirgar neman sakin Auta na haɗu da wani yaro daga wajen Katsina, wanda ya zo Umra ya zarce, aka tuhume shi da sata, aka miƙo masa takarda da Larabci ya dangwala yatsa. Da na karanta masa kwafin da ke hannun ɗan'uwansa, sai ya dafe kai, domin ikirari ne ya sa wa hannu bai sani ba. Tun daga ranar na mayar da tafinta sadaka, kuma har gobe ra'ayina shi ne duk takardar da mutum ya dangwala ba tare da tafinta da lauya ba, bai kamata alƙali ya gina hukunci a kanta ba. Ina alfahari da wannan aiki fiye da duk abin da na tara a tuƙi.

Ba zan zama butulu ba, an samu sauyi. A watan Afrilun 2020 aka daina bulala a hukuncin ta'aziri, wato wanda alƙali ke yankewa bisa ganinsa, aka maye gurbinta da tara ko ɗauri. Daga 14 ga Maris 2021 ma'aikacin kamfani ya samu damar sauya wurin aiki bisa sharuɗɗa ba sai da yardar kafili ba. Sai dai wannan gyara bai haɗa da direbobin gida da 'yan aikin gida da makiyaya ba, wato dai inda mutanenmu suka fi yawa, kuma da Auta yana nan da bai tsinana masa komai ba. Ga kuma kuɗin iyali da aka fara karɓa daga baƙin ma'aikata a Yulin 2017, riyal 100 a wata kan kowane kai, har ya kai 400 a 2020, wanda ya kori gidaje da dama daga layinmu ba tare da an kama kowa ba.

Ranar da muka je gaisuwar mutuwar Baffa, babban ɗansa ya ja ni gefe ya ce an shigar wa ɗansa hurub, ko ina da sauran kwafin ma'arulin nan. Yana cikin akwatin Inna, na ce ya zo ranar Asabar da alƙalaminsa. Yadda muka kwashe da shi, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.